Ɗan akwatin kallo ta intanet: lissafin da za ka yi kafin ka kai shi gida

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a filinmu na kayan zamani, saboda waɗanda shirin ya wuce su suna kan hanya ko suna bayan dabbobi. Tambayar da ta fi yawa cikin saƙonninku ita ce ta ɗan baƙin akwatin nan da bai fi tafin hannu ba, wanda ake rubuta wa TV Box ko Android Box a jikin kwali. Mai kawo dabbobi kasuwar Muwailih yana so ya saya wa iyali idan ya yi ciniki, ɗan kasuwa kuma yana tambaya ko ya saro katan guda ya shigo da shi Omdurman.

Ba mamaki tambayar ta taso yanzu. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, gidaje da yawa a Khartum da Bahri da Omdurman sun zama kango. Bayan da sojoji suka karɓe Khartum a watan Maris na 2025, mutane suka fara komawa, kuma da yawa sun tarar an kwashe talabijin da risiba, har wayoyin wuta an zare. To mai sake kafa gida daga tushe dole ya tsaya ya yi tunani: in sake ɗaura dish a kan soro, ko in sayi wannan sabon abu da aka ce yana kawo komai?

Abu na farko da za ka riƙe: akwatin nan ba risiba ba ne. Dish yana kamo hoto daga tauraron Nilesat ko Arabsat, kuma tashoshin da ke buɗe kyauta suke zuwa, ko ka kwana ka wuni kana kallo babu mai cajinka. Shi kuwa akwatin nan, a taƙaice waya ce marar fuska. Abin da ke cikin wayarka ta Android shi ne a cikinsa, sai dai ya ari fuskar talabijin. Ba ya kamo komai daga sama. Duk hoton da za ka gani ta intanet ya biyo, kuma kowane minti data yake ci, data kuwa kuɗi ce. Wanda ya ce maka "ka saya sau ɗaya, ka huta har abada", so yake kawai ya sayar.

Amma fa yana da daɗinsa. Da shi kake zaɓar abin da kake so a lokacin da kake so. Labarina da Izzar So suna YouTube, labaran BBC Hausa da DW Hausa da RFI Hausa suna nan, karatun malamai na Kano da Sakkwato da Yamai duk suna nan. Bahaushen Mayo ko na Maiurno da aka haifa a nan, wanda Hausarsa ta fara gauraya da Larabci, zai zauna da 'ya'yansa su ji harshen kakanni a babbar fuska, maimakon mutum bakwai su cusa kai a kan waya ɗaya. Wannan kaɗai ya isa dalili ga wasu, kuma ni ban ga laifinsu ba.

Sai dai kafin ka taɓa aljihu, tsaya a ɗakin da talabijin zai zauna, ka buɗe YouTube a wayarka bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya hau layi. Idan bidiyo ya yi minti goma bai tsaya yana juyi ba, akwati zai yi aiki a ɗakin. Idan wayar ta kasa, akwati ma zai kasa, don ba ya ƙara wa shabaka ƙarfi ko kaɗan. Gwada Zain, gwada Sudani, gwada MTN, domin a unguwa ɗaya wani layin na tashi wani na kwance. Ka kuma tuna abin da ya faru a watan Fabrairun 2024, lokacin da layukan nan uku suka ɗauke gaba ɗaya, wasu wurare har tsawon watanni. A lokacin ne mutane suka riƙa biyan kuɗin awa a wuraren masu Starlink, na'urar da aka riƙa shigowa da ita ta bayan fage don ba ta da lasisi a Sudan, su ɗan tura saƙo ko su karɓi kuɗi ta Bankak. Mai dish da batir ya ci gaba da ganin labarai a kwanakin nan. Mai akwati kaɗai sai kallon bango. Don haka shawarata, in dish ɗinka ya tsira, kada ka sayar da shi.

Yanzu ga lissafin data, kuma nan ne aka fi asara. Hoton bidiyo hawa-hawa ne, ana rubuta shi da lamba: 360, 480, 720, 1080, sai kuma 4K. Duk sanda lambar ta hau, hoto ya ƙara tsabta, cin data ya ninka. A 480, awa ɗaya tana cin kusan rabin giga. A 720 giga ɗaya ne ko ya ɗan ɗara. A 1080 za ka ba da giga biyu zuwa uku, 4K kuwa yana kaiwa bakwai a awa guda. Ka ga ke nan giga goma za ta ba ka kusan awa ashirin a 480, amma a 1080 awa uku zuwa biyar ta ƙare. Fim ɗaya ne, labari ɗaya ne, kuɗin ne ya bambanta. Kuma gaskiyar magana, a talabijin mai inci 24 ko 32, in kana zaune a tabarma nesa da shi, 480 ya wadatar. Duk 4K ɗin da aka buga da manyan baƙaƙe a kwali, ba abin da zai tsinana maka a kan layin waya.

Wuta ita ce ta biyu. Tashoshin wutar jihar Khartum sun sha ɓarna, kuma hare-haren jirage marasa matuƙi a madatsar Marawi cikin 2025 sun sha jefa garuruwa cikin duhu. Abin farin ciki, akwatin kansa ba maciyin wuta ba ne: yawancinsu bolt 5 suke amfani da shi, cinsu bai wuce wat 10 ba, har wasu na tashi da fawa-bankin waya in aka sami igiyar da ta dace. Talabijin ne mai ci, mai inci 32 yana jan wat 30 zuwa 50. Mai sola da batir ɗaya zai iya ɗaukar su biyun na wasu awoyi da dare. Abin da ke kashe akwati shi ne dawowar kahraba da ƙarfi bayan an ɗauke, da kuma janareta mai hawa da sauka. Da an ɗauke wuta, zare cajar daga bango. Kuma kada ka soka masa cajar risiba don ka ga bakinsu ya yi kama. Ta risiba galibi bolt 12 ce, nan take za ta ƙona shi. Karanta lambar da ke ƙasan akwatin tukuna.

Haɗawar kanta ba wuya. Juya bayan talabijin ɗinka. In akwai rami mai faɗi da aka rubuta HDMI, soka igiyar da ta zo a kwali, ɗaya bakin a akwati. In tsohon talabijin ne mai ƙaton baya, wanda ramukansa uku ne, ruwan ɗorawa da fari da ja, to lallai ka nemi akwati mai ramin AV kafin ka biya, don masu kama da filash irin su Fire TV Stick HDMI kawai gare su. Ka kunna, ka ɗauki rimot ɗin talabijin ka danna maɓallin da ke sauya mashiga har ka ga hoton akwatin. Zaɓi harshe, akwai Larabci da Turanci da Faransanci. Daga nan ka kunna hospot a wayarka, ko ƙaramar na'urar wayfay mai ɗaukar layi, ka nemo sunanta a akwatin, ka sa lambar sirri. Ajiye wayar kusa da taga inda shabaka ta fi ƙarfi, kuma a jikin caja, don hospot na shan batir yana zafafa waya.

Ga wani abu da ke sa mutane su mayar da akwati kasuwa alhali lafiyarsa lau. Yawancinsu ba su da ɗan batirin riƙe agogo. In wuta ta ɗauke, sai kwanan watansu ya koma shekarun baya, kuma muddin kwanan wata ba daidai ba, YouTube ba zai buɗe ba, ko da akwatin ya nuna ya haɗu da wayfay. Shiga saiti, ka nemi wurin kwanan wata da lokaci, ka gyara. Wasu tsofaffin kuma har yanzu suna ɗaukar agogon Khartum a kan yadda yake kafin Nuwamban 2017, lokacin da Sudan ta mayar da agogonta baya da awa ɗaya. In ka ga ya yi gaba da awa guda, ka zaɓi yankin da aka rubuta +2 da hannunka.

Kafin ka miƙa wa yara rimot, yi abu uku. Akwatin yana ɗaukar duk wayfay a matsayin rijiyar da ba ta ƙafewa, bai san daga rasidinka yake sha ba, saboda haka shiga Play Store ka hana manhajoji sabunta kansu. A YouTube, kashe abin da ke sa wani bidiyo ya bi bayan wani, don in barci ya ɗauke ka, shi bai yi barci ba. Sannan duk bidiyon da aka buɗe, a danna alamar saiti a mayar da shi 480, don in aka bar shi ya zaɓa da kansa, sama yake hawa. Wayoyi da yawa ma suna ba ka damar sa wa hospot iyaka, ya yanke da kansa in an ci giga ɗaya. Kuma kashe talabijin ba kashe akwati ba ne. A koya wa kowa wannan a gidan.

To, sai batun na arha, kuma 'yan kasuwa ku buɗe kunne. Akwai akwatunan da Google ya tantance, irin na Xiaomi da wasunsu, akwai kuma marasa suna da ake bugowa da lambobi barkatai. A cikin na biyun ana samun wanda kwalinsa ya ce ma'ajiya giga 64, in ka shiga saiti ka duba ko takwas ba ta cika ba. Abin bai tsaya nan ba. A watan Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan wata muguwar manhaja mai suna BADBOX 2.0, wadda ake samu a cikin irin waɗannan akwatuna tun kafin a buɗe kwali, kuma a watan Yuli Google ya shigar da ƙara yana cewa na'urorin da abin ya shafa sun haura miliyan 10. Aikinta shi ne ta ba wasu mutane can wata ƙasa damar bi ta intanet ɗinka su yi harkarsu. A wajenmu ma'anar wannan a fili take: datar da ka saya da kuɗin tunkiya, wani ke sha. Alamarsa, data na zurarewa ba wanda ke kallo. Don ka gane, buɗe Play Store, shiga saiti, ka nemi inda aka rubuta ko Play Protect ya tantance na'urar. In bai tantance ba kuma ka riga ka saya, kada ka sa adireshin Google ɗin da ke kan wayar da kake Bankak da ita. YouTube na buɗewa ko ba a sa adireshi ba. In an gama kallo a zare shi daga wuta.

Haka ma masu sayar da lamba ta shekara, waɗanda ke cewa tasha dubu biyar har da beIN Sports. Na san jarabar ƙwallo, musamman da yaƙi ya sa Hilal da Merrikh suka tafi buga gasar Muritaniya a kakar 2024 zuwa 2025, magoya bayansu a nan Omdurman sai ta allo. Amma yawancin lambobin nan hoton sata ne. Ranar da aka rufe inda suke jawowa, kuɗinka ya tafi, babu ofishin da za ka kai kuka. Ko yana aiki ma, maƙwabcinka mai dish zai yi ihun an ci kai kana ganin ƙwallo a tsakiyar fili, don hoton intanet a baya yake zuwa.

Ku kuma 'yan'uwa makiyaya da ke mashekari inda ko kira ba ya shiga, akwai hanyar da akwatin zai yi muku amfani ba tare da layi ba, kuma a ganina ita ce mafi albarka a cikin duka. Yawancin masu siffar akwati suna da ramin filash. In an shigo gari cin kasuwa, a kai filash wajen masu tura fina-finai a cika shi da karatu, da wa'azi, da shirye-shirye kan lafiyar dabbobi, da fim na yara. A sa manhajar VLC a akwatin tun ana cikin gari, don tana buɗe kusan kowane irin bidiyo. Filash mai giga 32 zai ɗauki awoyi da dama in hoton 480 ne. Sai dai ka duba talabijin ɗinka tukuna: in yana da ramin filash kuma yana karanta bidiyo da kansa, ba ka ma buƙatar akwatin, ka bar kuɗinka a aljihu.

Zafi da ƙura su ne sauran abokan gaba. A watan Mayu da Yuni Khartum na wuce digiri 40, kuma akwatin ba shi da fanka a ciki. Kada a ɗora shi a kan risiba ko batir, kada a lulluɓe shi da ƙyalle yana aiki. In ya fara daskarewa bayan awa ɗaya, zafi ne. Ɗaga shi a kan murfin kwalba huɗu iska ta bi ta ƙasa. In habub ya taso, kashe shi ka sa a leda.

Mai saro kaya kuma, kada ka karɓi katan a rufe. Ciro guda uku daga wurare daban-daban, a haɗa su da talabijin a gabanka, ka duba ma'ajiya, ka duba tantancewar Play Protect, ka bar ɗaya yana kunna bidiyo rabin awa ka taɓa shi ka ji zafinsa. Duba bakin cajar ma, ko mai ƙafa biyu zagayayyu ne da ke shiga soket ɗin nan. Ka fi yawaita masu ramin AV da na filash, su masu saye a Umbadda da Karari za su fi tambaya, ka kuma haɗo da rarar rimot da caja, don su ke fara mutuwa kafin akwatin.