Gubar da ke ɓoye a cikin rumbu

Da kaka ta yi a Dabai, hanyar Zuru cika take da buhunan masara da gyaɗa da dawa. Ƙasar Zuru ta fi arewacin Kebbi samun ruwan sama, shi ya sa noma ya karɓe ta. Sai dai wani lokaci ruwan ƙarshen damina kan riski amfanin gona a wurin shanya, a kwashe shi bai gama bushewa ba, a zuba a rumbu. Kafin a ankara funfuna ta kama.

Wata irin funfuna mai launin kore-kore tana fitar da guba da masana ke kira aflatoksin. Gubar ba ta da wari, ido ba ya ganinta, kuma dahuwa ko suya ba sa kashe ta, don haka takan bi masara zuwa tuwo, ta bi gyaɗa zuwa ƙuli-ƙuli da kunu. An gano ta ne bayan da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, sakamakon cin garin gyaɗa da aka shigo da shi daga Brazil. A 2004 kuma, a gabashin Kenya, mutum 317 suka kwanta bayan cin gurɓatacciyar masara, 125 suka rasu.

Irin wannan mutuwa ta farat ɗaya ba ita aka fi gani ba. Yawanci gubar na shiga ne kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru. Yawancin abin da hanji ya tsotsa, hanta yake fara isa, ita ke sarrafa shi ta fitar da dattin ta madaciya ko ta miƙa wa ƙoda. A wajen ƙoƙarin sarrafa aflatoksin ne hantar ke juya ta zuwa wani sinadari da ya fi na farko illa, wanda ke lalata ƙwayoyin halittarta har ya kai ga daji. Ga wanda yake ɗauke da cutar hanta nau'in B, haɗarin yakan ninka kusan sau 30, kuma binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ita. Mafi yawansu ba su sani ba, sai ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, a ce shawara ce ko sammu.

A nan masu lasifika na ranar kasuwa ke samun ciniki da jarkokin "wankin hanta". Hanta ba ƙwarya ba ce da za a ɗauraye; lafiyayya ita ke tsaftace jini da kanta, wadda ta kamu kuwa jiƙon da ba a san ma'auninsa ba ƙarin aiki ne a kanta. Haka burukutu da giyar leda, haka yawan lemon kwalba da ke tara mata kitse, haka Paracetamol idan baligi ya wuce giram 4 a rana.

Maganin funfuna kuwa ba mai tsada ba ne. A shanya hatsi a kan tabarma ko tamfol maimakon ƙasa, a bari ya bushe ƙayau, a ɗora buhuna a kan katako nesa da bango. A tsince ƙwayar da ta yi baƙi, ta yanƙwane ko ƙwaro ya huda. Abin takaici, wannan tsintacciyar gyaɗar ce ake sayarwa da araha a yi ƙuli-ƙuli da ita, wanda yara suka fi ci, ko a zuba wa dabbobi, alhali gubar na fitowa a nonon saniya. Binne ta ya kamata a yi. A yankin Kindiya na ƙasar Gini an gwada irin waɗannan matakai a ƙauyukan manoman gyaɗa, sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna alamar gubar a jinin mutanensu ba ta kai rabin ta ƙauyukan da ba a gwada matakan ba.

Akwai kuma wani magani mai suna Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar. Ana watsa kilo 10 a kowace hekta, mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, yana rage gubar da kashi 80 cikin ɗari ko fiye. Cutar hanta nau'in B kuwa gwajin ɗigon jini ke nuna ta, kuma rigakafinta ga jarirai kyauta ne a asibitocin gwamnati. Allurar farko cikin awa 24 da haihuwa ake so a yi ta, ko da a gida aka haihu.