Maganaɗisun da ba ya jan ƙusa

Kowane ɗan firamare ya san maganaɗisu da jan ƙusa. To, akwai wani irinsa da ba ya jan komai, don ƙananan maganaɗisan da ke cikinsa sun saɓa wa juna: wannan hawa ya fuskanci sama, na kusa da shi ƙasa, sai ƙarfinsu ya kashe juna. Louis Néel, Bafaranshen da ya ci kyautar Nobel a 1970 kan irin wannan bincike, shi kansa bai hango amfaninsa ba.

Yau zance ya sauya. A 2020, masana a Jami'ar Fudan da ke Shanghai suka ɗauki wani sinadari mai hawa-hawa kamar takardun littafi, MnBi2Te4, suka yi ta ɓare shi har saura hawa biyar. Biyar kuwa mara ce, hawa ɗaya ya rasa abokin kashewa. Nan lantarki ya riƙa bin gefe kawai, kusan ba ya ɓata ƙarfinsa ya koma zafi, zafin nan da ke cinye batirin wayarka.

Amma kada a yi saurin murna. A sanyin digiri kusan 272 ƙasa da sifili aka ga hakan, kuma da ɗumi ya haura digiri 248 ƙasa da sifili, tsarin maganaɗisun ma watsewa yake yi.