Goshin Mota Da Ran Mai Tafiya A Ƙasa

Jama'a, duk mai tsallaka titin Lome zuwa Aneho a Baguida ya san gudun motocinsa, musamman bayan magariba. Idan tsautsayi ya auku, bamba ce ke fara dukan ƙafa, sannan kai ya bugu da bonet.

Don haka masu ƙera motoci suka sake fasalin goshinta. Tun 1997 hukumar Euro NCAP ke gwada wannan a Turai, a 2003 kuma Tarayyar Turai ta kafa doka. Aka bar rata tsakanin bonet da inji domin ƙarfen ya lotsa ya rage zafin bugun. Murfin fitila ya koma na roba maimakon gilas. A 2012 Volvo V40 ta fito da jakar iska ta waje.

Irin motocin nan ake saukewa a tashar jirgin ruwan Lome. Abin takaici, wani da ya saya sai ya garzaya wurin mai walda a girka masa shingen ƙarfe a gaba. Ranar karo mota ta tsira, ɗan maƙwabci bai tsira ba. Direbobi, don Allah a cire ƙarfen nan, a kuma goge fitilar da ta dushe.