Idan Ƙafafu Suka Mutu Farat Ɗaya

Yau za mu taɓo wata cuta da ba kasafai ake samunta ba, wato Giyan-Bare, wadda ta ci sunan wasu likitocin Faransa biyu da suka bayyana ta a 1916.

Yaro ko babba zai yi gudawa ko mura, ya warke. Bayan mako ɗaya zuwa uku, sai ƙafafu biyu su yi nauyi, tafiya ta gagara, abin ya riƙa hawa zuwa hannuwa. Garkuwar jiki ce ta rikice, ta koma cin jijiyoyin mai ita. Ba iska ba ce, ba sammu ba, kuma ba a ɗauka.

Babban haɗarin shi ne ta kai ƙirji, numfashi ya gagara. Don haka kada a tsaya jiƙe-jiƙe da turare. Aika a kira maigida nan take, a garzaya Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. In yaro ne, za a gwada bayan gidansa, a tabbatar ba shan inna ba ce.

Yawanci ana warkewa, ko da za a ɗauki watanni ana motsa gaɓoɓi. Allah Ya ƙara mana lafiya.