Makaho Da Doguwar Takarda: Aikin Yana Hannun Masu Shirya Ta

Duk wanda ya san Abuja ya san cewa aikin gwamnati da takarda ake yinsa. Kasafin kuɗi, da dokoki, da rahotannin kwamitoci, da takardun umarni da ke zagayawa a ma'aikatu, kusan dukkansu yanzu ta kwamfuta ake rarraba su. To, a cikin masu bukatar karanta su akwai makafi: ma'aikata, da lauyoyi, da malamai, da ɗalibai. Yaya suke yi da takarda mai shafi ɗari biyu?

Ilmin zamani ya daɗe da samuwa ga makafi a ƙasar nan, domin tun 1953 aka buɗe makarantar makafi ta Gindiri, inda ake koyar da rubutun ɗigo-ɗigo da Louis Braille na Faransa ya ƙago, wanda ake shafawa da yatsa. Sai dai wannan rubutu yana cin takarda ƙwarai, har littafi guda yakan zama kundi da yawa. Daga baya aka samu manhajar da ke karanta abin da ke fuskar kwamfuta da murya. Akwai JAWS, wadda aka fitar don Windows a Amurka cikin 1995, kuma sayen ta ake yi. Akwai NVDA, wadda Michael Curran, wani makaho ɗan Ostareliya, ya fara a 2006, ita kuwa kyauta ce. Wayoyin hannu ma suna da nasu, watau TalkBack da VoiceOver.

Mai ido idan ya ɗauki doguwar takarda ba ya farawa daga kalmar farko. Yakan leƙa kanun babi-babi, ya tsallake abin da bai dame shi ba, ya sauka inda yake so. Mu ɗauki Tsarin Mulki na 1999, mai babi 8 da sashe 320. Wanda yake neman haƙƙoƙin ɗan'adam zai nufi babi na 4, wanda ya fara daga sashe na 33. In da sai makaho ya saurari duk abin da ya gabata kafin ya isa can, da ya ɓata lokaci mai yawa a banza.

Saboda haka manhajojin nan suna da hanyoyin tsallake. In ya danna harafin H sai muryar ta kai shi kan magana na gaba, T kuwa ta kai shi jadawali. Lambobi 1 zuwa 6 suna bambanta manyan kanu da ƙananan da ke ƙarƙashinsu. Yana kuma iya kiran jerin kanun takardar gaba ɗaya ya zaɓi wanda yake so, ko ya nemi wata kalma kai tsaye. Gwanaye har ƙara saurin muryar suke yi, ta kai yadda baƙo ba zai fahimci abin da take faɗa ba.

Amma fa duk wannan ba ya yiwuwa sai in wanda ya shirya takardar ya gina ta daidai. Akawu da yawa sukan ƙara wa rubutu kauri da girma kawai su ce sun yi kan magana. Ido zai yarda, manhaja kuwa ba za ta gane ba, sai an zaɓi tsarin kanu da ke cikin Word. Mafi muni shi ne a buga takarda, a sa hannu da hatimi, sa'an nan a ɗauki hotonta a aika. Ga manhaja wannan hoto ne, babu harafi ko ɗaya a cikinsa. Akwai dabarar mai da hoto rubutu, sai dai takan yi kuskure a wajen lambobi da jadawali, wuraren da kuskure ya fi yin ɓarna. Takardun Hausa kuma suna da tasu wahalar, domin muryar da aka yi don Turanci takan murɗe kalmominmu, ta yi tuntuɓe a kan ƙ da ɗ da ɓ.

Ta fuskar doka an yi nisa. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Marrakesh a 2017, wadda ta halatta juya littattafai zuwa yadda makafi za su iya karantawa. A watan Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu bukata ta musamman bambanci, wadda ta keɓe musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, aka kuma kafa hukumarsu ta ƙasa a Abuja cikin 2020. To, in an ɗauki makaho aiki amma aka riƙa aika masa takardar da sai wani ya karanta masa, an bar shi yana dogaro da jagora har a ofis, asirin aikinsa ma yana hannun wani.

Gyaran ba ya bukatar kwangila. Shugabannin ma'aikatu su umarci akawunansu su yi amfani da tsarin kanu, su rubuta ɗan bayani a kan kowane hoto, kuma duk takardar da aka ɗauki hotonta saboda hatimi a haɗa ta da ainihin rubutunta. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma mai ido ma zai fi saurin samun abin da yake nema a irin wannan takarda.