Daidaita Sandunan Maganaɗisu da Tsirkiyoyin Gita Mai Lantarki

Gita mai lantarki ba ta dogara da ƙoƙo ko ramin katako wajen fitar da amo, kamar yadda garaya da gurmi suke yi, domin aikin ya rataya ne a kan wata ƙaramar na'ura da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi, wadda masu sana'ar ke kira fikof. Na'urar ta ƙunshi sanduna shida na maganaɗisu, ko na ƙarfen da maganaɗisu ke riƙe da shi, waɗanda aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai, ta yadda idan tsirkiyar ƙarfe ta kaɗa a saman sandarta sai ta haifar da ɗan lantarki a cikin wayar, shi kuma amfilifaya ya ƙara masa ƙarfi kafin ya fito ta lasifika.

Inda gizo ke saƙar shi ne, tsirkiyoyin shida ba su tafiya kafaɗa da kafaɗa daga sama har ƙasa. A kan wuyan gita a matse suke, kusan milimita 35 tsakanin ta farko da ta shida, sannan su riƙa buɗewa sannu a hankali har su isa gada, wato ƙarfen da ke tallafe da su a jikin gitar, irin abin da makaɗan goge ke kira jaki. Saboda haka tazarar da ke saman fikof na kusa da wuya ba ita ce ta saman na kusa da gada ba, kuma manyan kamfanonin Amurka biyu da suka shata wannan fage, wato Gibson da Fender, ba su bi ma'auni ɗaya ba. Fikof mai naɗi biyu da Seth Lover ya ƙirƙira wa Gibson a 1955, wanda ake kira hambaka saboda yana kashe ƙugin lantarki, yana da kusan milimita 49 daga tsakiyar sandar farko zuwa tsakiyar ta ƙarshe, alhali na Stratocaster, gitar da Fender ya fitar a 1954, yana da kusan milimita 52, gadarta kuma ta fi ta Gibson faɗi.

Bambancin milimita uku ƙarami ne a ido, amma wanda ya ɗora hambaka irin na Gibson kusa da gadar Fender zai tarar tsirkiyoyin tsakiya sun hau daidai, na gefe biyu kuwa sun zame zuwa bakin sandunansu. Makaɗin gita Eddie Van Halen ya ci karo da haka a shekarun 1970, sai ya girka nasa fikof a karkace, daga baya kuma kamfanonin DiMarzio da Seymour Duncan suka fito da hambaka masu faɗi, na farko ya sa wa nasa alamar F, na biyu ya kira nasa Trembucker. Akwai kuma fikof mai doguwar reza ɗaya maimakon sanduna, wanda bai damu da tazara ba, kuma dabarar tsohuwa ce, tunda gitar ES-150 ta Gibson ta zo da irinsa tun 1936.

A gaskiya ana yawan zuzuta wannan matsala fiye da kima, domin ƙarfin maganaɗisu ya zarce faɗin kan sanda, kuma zamewar milimita ɗaya ido ne ke ganinta, kunne ba ya jin ta. Sai tsirkiya ta sauka gaba ɗaya daga kan sandarta ne amonta ke raunana, musamman siririyar nan ta gefe wadda dama muryarta ba ta kai ta sauran kauri ba.

Abin da ya fi dacewa ga maƙerin gita shi ne ya fara zaɓen gada, ya ja zare biyu daga kan wuya zuwa gadar a mazaunin tsirkiyoyin gefe, ya auna tazararsu a daidai inda kowane fikof zai zauna, sannan ya sayi wanda ya yi daidai da awon kafin ya fafe katako, domin ramin da aka riga aka fafe ba ya matsawa.