Yawan Haɗi Ba Shi Ne Juriya Ba

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin matasanmu masu motsa jiki, tun daga masu gudun fanfalaki da 'yan ƙwallo har masu tseren keke da masu ɗaga ƙarfe: wai maganin ƙarin kuzari guda ɗaya ba ya isar ɗan wasa, sai an haɗa. A dama garin da ake sha kafin atisaye, a haɗiyi ƙwayar bitamin, a bi da maganin ƙarin jini, a kora da gwangwanin lemon kuzari. Lissafin nasu mai sauƙi ne. In wannan zai ƙara maka kashi biyu cikin ɗari, wancan kuma uku, to su biyun za su ba ka biyar, kuma mai shan kala shida dole ya riga mai shan kala biyu isa layin ƙarshe.

Masu wannan ra'ayi ba wawaye ba ne. Yawancinsu mutane ne masu himma, waɗanda suke fitowa gudu bayan sallar asuba lokacin da sa'o'insu suke juyi a kan katifa. Sun taso suna jin cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Sun saba ganin mai maganin gargajiya yana haɗa saiwa da sassaƙe da ganye a tukunya ɗaya, sun kuma saba zuwa kemis a ƙulla musu ƙwayoyi kala huɗu saboda ciwon jiki. Su kuwa kamfanonin da ke sayar da waɗannan kayayyaki, ribarsu tana cikin ka sayi roba uku maimakon ɗaya. Saboda haka ina girmama masu maganar, amma ban yarda da lissafin ba.

Bari in fara da inda suke da gaskiya, don akwai haɗin da yake aiki. Kowace uwa ta san ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa. Sirrinsa shi ne hanji yana tsotse gishiri da sukarin gulukos tare, ta hanya ɗaya, ruwa kuma ya bi su zuwa cikin jini. Masu tseren nesa ma suna da irin wannan. Hanjin ɗan Adam ba ya iya shigar da gulukos fiye da kimanin giram 60 a awa ɗaya, komai yawan abin da aka ɗura masa. A farkon shekarun 2000, Asker Jeukendrup da abokan aikinsa a Jami'ar Birmingham ta Ingila suka nuna cewa in aka haɗa gulukos da furuktos, wato sukarin da ke cikin 'ya'yan itatuwa da zuma, jiki yana iya amfana da kusan giram 90 a awa. Dalili kuwa kowannensu da ƙofarsa. Kamar kasuwa ce da aka cika ƙofarta guda da amalanke: ƙara turo kaya ta nan ba ya ƙara komai sai cunkoso, amma in aka buɗe ƙofa ta biyu, kaya za su shiga.

To a nan sharaɗin yake. Haɗi yana amfani ne idan kowane abu yana bin hanyarsa daban, kuma kowanne yana magance wata matsala da take damun ɗan wasan a irin wasan da yake yi. Yawancin haɗin da ake yi a wuraren motsa jiki bai cika ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan biyu ba.

A shekarar 2018, Kwamitin Wasannin Olamfik na Duniya ya wallafa matsayar ƙwararrun da ya tara a kan wannan batu. Cikin tulin kayan da ake tallatawa, biyar kacal suka samu da ƙwaƙƙwarar hujjar cewa suna ƙara ƙwazo: kafeyin, kiriyatin, naitiret, beta-alanin da sodiyam baikabonet, wato hodar soda ta masu gashin biredi. Kowannensu kuma da fagensa. Kafeyin, wanda yake cikin goro da gahawa da shayi, yana aiki ne a ƙwaƙwalwa, ya rage wa mutum jin gajiya. Naitiret, wanda ake samu a jan saiwar bitirut da ganyaye irin su alayyahu da latas, yana ɗan rage yawan iskar da tsoka take buƙata don yin aiki. Beta-alanin da soda suna rage tsamin da ke taruwa a jiki lokacin matsanancin gudu na 'yan mintuna, irin na mai tseren mita 800 ko 1,500. Kiriyatin kuwa na masu fizgar ƙarfi ne, aikin da ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi.

Yanzu a ɗauki saurayi mai nauyin kilo 60 da yake shirin gudun kilomita 42. Me kiriyatin zai yi masa? Abin da aka fi sani shi ne yana sa tsoka ta riƙe ruwa, nauyi ya ƙaru da kilo ɗaya zuwa biyu, kuma shi ne zai yi dakon wannan nauyin har ƙarshen tsere. Soda fa? Adadin da ake gwadawa giram 0.3 ne a kowane kilo na nauyin jiki, wato giram 18 ga wannan saurayin, kuma sanannen abu ne cewa yana kawo kumburin ciki da tashin zuciya da zawo. Tsamin da take magancewa ba shi ne babban abin da ke kayar da mai gudun awa uku ba. Shi abin da ke karya shi ƙarewar sukarin da jiki ya ajiye ne, da ƙishirwa, da zafin rana. Saura kafeyin da naitiret ke nan.

Su biyun ma an gwada haɗa su. A wani bincike da aka wallafa a 2014 kan ƙwararrun masu tseren keke, maza da mata, a Ostareliya, kafeyin ya ƙara musu ƙarfin tuƙi, amma da aka ɗora masa ruwan bitirut babu abin da ya ƙaru. Tun kafin nan, a 1996, masu bincike a Jami'ar Leuven ta Beljiyam sun ga abin da ya fi wannan ban mamaki: mutanen da suka sha kiriyatin shi kaɗai ƙarfin tsokarsu ya ƙaru, amma da aka haɗa musu shi da kafeyin mai yawa kullum, ribar ta ɓace. A lissafin jiki, biyu da uku wani lokaci uku suke bayarwa, wani lokaci ma su gaza haka.

Bitamin da kowa yake ɗauka ba ya cutarwa ma yana da tasa illar. Atisaye yana gina juriya ne ta hanyar wahalar da tsoka. Wahalar ce take aika saƙo jiki ya ƙara gina wuraren samar da ƙarfi a cikin ƙwayoyin tsoka. Bincike a Sifen a 2008, da Jamus a 2009, da Norwe a 2014 ya nuna cewa shan bitamin C mai yawa kullum, kamar miligiram 1,000, shi kaɗai ko tare da bitamin E, yana iya dusashe wannan saƙon. Mutum ya sayi abin da zai rage masa ladan guminsa da kuɗinsa. Haka maganin ƙarin jini: shayi da madara suna rage yadda hanji yake tsotse sinadarin ƙarfen da ke cikinsa, don haka wanda ya kora shi da shayi mai kauri ya yi asarar wani kaso. Wanda kuma jininsa bai gaza ba, babu abin da ƙarin zai yi masa, illa ya taru a hanta in abin ya yi yawa.

Amfani dai ba lallai ya taru ba. Abin da yake taruwa babu fashi shi ne haɗari. Kafeyin da ke taimakon ɗan wasa miligiram 3 zuwa 6 ne a kowane kilo, wato 180 zuwa 360 ga saurayinmu. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce miligiram 400 a yini shi ne iyakar da babu damuwa ga baligi mai lafiya. Amma garin da ake sha kafin atisaye yawanci akwai kafeyin a ciki, lemon kuzari akwai, wasu ƙwayoyin ciwon kai akwai, ga goro a baki. Mutum zai zarce iyaka bai sani ba, ya shiga fili da bugun zuciya da rawar hannu, da dare kuma barci ya ƙaurace masa, alhali barcin ne yake gyara tsokar da ya gajiyar. In ya ƙara da ƙwayoyin ciwon jiki irin su ibufurofen ko dikulofenak, ya yi doguwar tafiya cikin rana jiki ba ruwa, ƙoda ce take ɗaukar nauyin.

Tarihin wasanni ya riga ya gwada mana wannan hanya. A gasar Olamfik ta 1904 a birnin St. Louis, masu kula da Thomas Hicks sun riƙa ba shi gubar sitirikinin da farin ƙwai da barasa a tsakiyar gudun fanfalaki. Ya yi nasara, amma riƙe shi aka yi ya ƙarasa, ya kuma zube bayan ya isa. Tom Simpson, ɗan tseren keke na Birtaniya, bai tsira ba. Ranar 13 ga Yulin 1967 ya faɗi ya mutu a kan dutsen Ventoux a gasar zagaye Faransa, cikin tsananin zafi, da ƙwayar amfetamin da barasa a jikinsa. A gudun fanfalaki na Landan na 2012, wata mata 'yar shekara 30 ta faɗi dab da ƙarshen tsere ta rasu, kuma binciken kotu ya danganta mutuwar da sinadarin DMAA da ke cikin wani garin ƙarin kuzari da ake sayarwa a fili a lokacin. A wajenmu kuwa, duk wanda ya san halin da tiramol ya jefa matasa ya san yadda "maganin gajiya" yake rikiɗewa ya zama ubangidan mai shansa. Tun 1 ga Janairun 2024 hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta haramta shi a lokacin gasa.

Sai kuma abin da ba a rubuta a jikin roba ba. A Amurka, inda da yawan kayan nan suke fitowa, wata doka da aka kafa a 1994 ba ta wajabta wa kamfani ya gamsar da hukuma cewa kayansa suna aiki kafin ya kai su kasuwa ba. Wani ɗakin gwaji a birnin Kolon na Jamus ya sayi kala 634 daga ƙasashe 13 tsakanin 2000 da 2001, ya tarar 94 daga ciki, kusan kashi 15 cikin ɗari, suna ɗauke da haramtattun sinadaran gina tsoka da ba a ambata ba. A irin wannan kasuwa, wanda ya ɗauki kala biyar ba tare da zaɓe ba, yiwuwar ya haɗu da gurɓatacce ko da guda ɗaya ta haura rabi. Dokar wasanni kuma ba ta san "ban sani ba". Abin da aka samu a fitsarinka naka ne. Asafa Powell na Jamaika, wanda ya taɓa riƙe kambun duniya a mita 100, ya ɗanɗana haka a 2013. An samu haramtaccen sinadari a jikinsa, ya ce daga maganin ƙarin kuzari ne, an rage masa hukunci daga wata 18 zuwa 6, amma dai sai da ya yi zaman benci.

Na san abin da wani ƙanena zai ce: "Ni fa na ji a jikina." Ban ƙaryata shi ba. Beta-alanin yana sa fata ta riƙa tsikari kamar ana yayyafa yaji, kafeyin yana wartsake ido, kuma wanda ya kashe kuɗinsa ya sa rai, sa ran kansa yana ƙara masa ƙwazo. Sai dai jin abu a jiki daban, agogo daban. Ko da lokacinsa ya inganta, cikin kala shida wanne ya yi aikin? Wataƙila guda ne, wataƙila kuma atisayen wata uku da ya yi ne, aka ba roba yabon da ƙafafunsa suka cancanta. Wani kuma zai ce ai manyan 'yan wasa suna haɗawa. Suna yi, amma da likita da masanin abinci a gefe, bayan gwajin jini, da kayan da aka tantance a ɗakin gwaji, kuma suna neman ɗan ƙarin da ba ya wuce daƙiƙoƙi bayan sun gama cika duk sauran sharuɗɗa.

Sauran sharuɗɗan su ne gindin abin. Lokacin da masana suka auna cimar fitattun masu gudu na Kenya a wani bincike na 2004, sun tarar fiye da kashi 75 cikin ɗari na ƙarfinsu daga abinci mai sitaci da sukari yake zuwa: ugali, wanda ɗan'uwan tuwon masara ne, da shinkafa, da wake, da ganye, da shayi mai madara da sukari. Abin da suke da shi wanda ba a sayarwa a kanti shi ne shekarun gudu a kan tuddai irin na Iten, mai tsayin kusan mita 2,400, da hutu, da kwanciya da wuri. Matashin da yake da tuwo da wake da fura da nono da ƙwai da zogale a gidansu bai rasa abin gina juriya ba. Dabino da zuma kuwa suna ɗauke da gulukos da furuktos tare, wato ainihin haɗin da bincike ya tabbatar.

Ga wanda ya cika waɗannan kuma yake son ƙari, shawarata ita ce ya bi a hankali. Ya fara tambayar kansa me yake kayar da shi a fili: numfashi ne, ko yunwa, ko ƙishirwa, ko rashin barci. In yana yawan kasala, musamman 'yan mata, a je asibiti a auna jini kafin a sayi maganin ƙarin jini, don wani lokaci zazzaɓin cizon sauro ne ko tsutsar ciki. In zai gwada wani abu, ya gwada guda ɗaya, a lokacin atisaye ba ranar gasa ba, ya rubuta lokacinsa na 'yan makonni, sannan ya yanke hukunci da abin da agogo ya nuna. Ya guji duk robar da ba ta faɗi adadin kowane sinadari ba. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko na ƙoda kada ya taɓa komai sai da izinin likita, yaran da ba su kai shekara 18 ba kuma a bar su da abinci.

Masu horarwa, ku ne kuka fi kowa iko a nan, don yaro ya fi jin maganar kocinsa a kan ta likita. Duk lokacin da ɗan wasanku ya zo da sabuwar roba, ku tambaye shi wace matsala za ta magance masa, kuma ta wace hanya. In ya kasa amsawa, kuɗin ya fi amfani a wajen mai ƙwai da mai nono.